Gwamnatin PRP a Kano, 1979 zuwa 1983: soke haraji, masana'antun Sharada da tarzomar 10 ga Yuli

Nijeriya ba ta taɓa yin gwamnatin kwaminisanci ba. Abin da ya fi kusa da ita a tarihin ƙasar shi ne gwamnatocin jihohi biyu da jam'iyyar PRP ta kafa ranar 1 ga Oktoba, 1979: ta Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da ta Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Gwamnonin biyu ƙuri'a ce ta kawo su, kuma tsarin mulkin da suka rantse da shi ya kare dukiyar mai dukiya. Duk da haka sun hau mulki da harshen juyin juya hali, suna maganar talaka da mai danne shi, kuma a cikin mashawartansu akwai malaman jami'a da suka yi zurfi a karatun Karl Marx da Lenin. Abokan hamayyarsu kan kira su 'yan gurguzu, wasu daga cikinsu kuma ba su ƙi sunan ba.

A Kano, inda jihar a lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yau, gwamnatin ta yi shekara uku da wata bakwai a hannun Rimi. A cikin wannan ɗan lokaci aka soke harajin da aka shafe shekaru fiye da 70 ana karɓa, aka yi rikicin Maitatsine, aka ƙone gine-ginen gwamnati a rana ɗaya, aka kashe mai bai wa gwamna shawara kan harkokin siyasa, sannan masana'antun Sharada da Challawa da Bompai suka shiga matsin da har yau ba su gama farfaɗowa daga irinsa ba.

Tushen aƙidar

PRP 'yar NEPU ce. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma sanarwarta ta farko, wadda aka fi sani da Sanarwar Sawaba, ta bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin ajin masu riƙe da mulkin En'e da ajin talakawa, kuma muradun ɓangarorin biyu ba sa haɗuwa. Wannan magana ce irin ta masu ra'ayin gurguzu, amma ƙorafe-ƙorafen da ke ƙarƙashinta na gida ne: haraji, aikin tilas, kotun alƙali da ke hannun sarki, ɗan doka da bulalarsa, da ƙwace gonaki. Malam Aminu Kano, wanda ya jagoranci jam'iyyar daga 1953, ya fi kafa hujja da adalcin Musulunci da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi a kan azzaluman sarakuna fiye da littattafan Turai.

Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, tsofaffin 'yan NEPU suka taru a PRP, mai alamar mabuɗi da kirarin Nasara. Sai dai sabuwar jam'iyyar ta tara mutane iri biyu. Akwai dattawan da suka sha ɗauri a zamanin En'e, da ƙananan 'yan kasuwa, teloli, mahauta, direbobi da malaman zaure. Akwai kuma matasan 'yan boko daga Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da ƙungiyoyin ƙwadago, irin su Dokta Yusufu Bala Usman a ɓangaren Kaduna da Dokta Bala Muhammad a Kano, waɗanda suke kallon lamarin a matsayin yaƙi da jari-hujja da mulkin mallaka na zamani. Muddin ana neman mulki, tafiyar ɗaya ce. Bayan an samu ne bambancin ya fito.

Soke haraji da jangali

Matakin farko, kuma wanda ya fi kowanne tasiri, shi ne soke haraji da jangali a watan Oktoban 1979. Haraji kuɗin kai ne da kowane namiji baligi yake biya duk shekara, jangali kuwa kuɗi ne da ake yanka wa kowace saniya. Turawa sun tarar da nau'o'in haraji a ƙasar Hausa, suka haɗe su a ƙarƙashin dokar Lugga ta 1906, suka mayar da su ginshiƙin baitulmalin En'e. Hanyar karɓar ita ce tsanin sarauta: mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali.

Kuɗin kansa bai kai azabar karɓarsa ba. Lokacin biya yakan zo da kaka, sa'ad da hatsi da gyaɗa suke arha, don haka manomi yakan sayar da amfanin gonarsa a farashi mafi ƙasƙanci domin ya samu takardar shaida. Wanda bai biya ba ana iya shanya shi a rana, ko a kama akuyarsa, ko ya gudu ya bar garin. Ana ƙara wa ɗan adawa kuɗi, a rage wa ɗan gida. Bafulatani makiyayi kuma yakan kwana yana ɓoye shanu a daji idan ya ji masu ƙidaya sun doso. A birni ma takardar haraji ita ce katin shaidar talaka, ana iya tare lebura a hanyar Bompai a tambaye shi ita.

Ta fuskar lissafi, soke harajin bai girgiza asusun jiha ba, domin a ƙarshen shekarun 1970 kuɗin man fetur da ke zuwa daga Legas ya riga ya rinjayi duk abin da ake tarawa a cikin gida. Ta fuskar iko kuwa girgizar babba ce. Hakimi da dagaci sun rasa babban aikin da ya sa ake tsoronsu, bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya raba su da yawancin ikon zartarwa, kuma kotuna da 'yan doka da gidajen yari sun bar hannun sarakuna tun ƙarshen shekarun 1960. Farin jinin matakin ya kai ga wasu jihohin Arewa da ba na PRP ba suka bi sahu.

Akwai wani gefe da masu yabon matakin ba su cika ambata ba. Ƙananan hukumomi sun rasa hanyar samun kuɗi ta kansu, suka koma jiran kason tarayya kaɗai. Gwamnatin da ta yi alƙawarin makarantu da asibitoci da wutar karkara ta jingina dukkan alƙawuran a kan farashin gangar mai da ba ta da ta cewa a kansa, da kuma rabon da gwamnatin NPN ta Shugaba Shehu Shagari take yi. A 1979 da 1980, lokacin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo bayan juyin juya halin Iran, wannan bai zama abin damuwa ba.

Da kuɗin aka yi ayyukan da har yanzu ake tuna gwamnatin da su. An kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, wadda yaƙinta da jahilci ya samu yabo daga UNESCO. An kafa kamfanin jaridar Triumph a shekarar, da 'yan uwanta na Hausa, Albishir da Alfijir ta ajami, sannan gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ake kira ARTV da sunan Rimi. An kai wutar lantarki garuruwan karkara da dama. A 1980 gwamnatin ta ayyana 1 ga Mayu a matsayin ranar hutun ma'aikata, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta mayar da ita hutun ƙasa baki ɗaya.

Sharada, Challawa da Bompai

A nan ne iyakar juyin ta fi bayyana. A lokacin, Kano ce cibiyar masana'antu mafi girma a Nijeriya bayan Legas. Bompai, a arewa maso gabashin birni, ita ce tsohuwa, ta taso tun ƙarshen zamanin Turawa da injinan matse man gyaɗa da masaƙu da kamfanonin alewa da turare da kwanuka. Sharada, a kudu maso yamma bayan ganuwa, an yanka ta kashi-kashi domin karɓar masana'antun da kuɗin mai ya haifar a shekarun 1970, na roba da takalma da katifa da kayan gini da sarrafa fata. Challawa tana gaba da ita, kusa da kogi a yankin Kumbotso, inda manyan majemu da masana'antu masu shan ruwa da yawa suka zauna.

Masu waɗannan masana'antu galibi Kwarori ne 'yan asalin Labanan, da Indiyawa da 'yan Sin, tare da attajiran Kano da suka samu hannun jari ta hanyar dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977. Ma'aikatan kuma yawancinsu 'yan karkara ne da suka shigo birni ba da daɗewa ba. Masanin zamantakewa Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a masana'antun Kano a farkon shekarun 1970 ya kuma wallafa littafi a kai a 1986, ya nuna cewa da yawansu tsofaffin almajirai ne, kuma a yajin aikin neman ƙarin albashin Adebo na 1971 leburorin da kansu ne suka tashi, suna bi masana'anta zuwa masana'anta suna fito da 'yan uwansu, ba tare da jiran shugabannin ƙungiya ba. Waɗannan mutane ne suka zuba wa PRP ƙuri'a a 1979.

Amma me gwamnan jiha yake iya yi musu? Kuɗin fito na kwastan, lasisin shigo da kaya, darajar Naira, kuɗin ruwan banki, wutar NEPA, jirgin ƙasa, dokokin ƙwadago da rajistar ƙungiyoyin ma'aikata, duk suna hannun tarayya. 'Yan sanda ma na tarayya ne. Abin da ke hannun gwamna shi ne ƙasa, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa masa filayen jiha amana, sai ruwan famfo da hanyoyin cikin gari da kwangilolin gwamnati da ɗan jarin da jiha take da shi a wasu kamfanoni. Gwamnatin Rimi ba ta ƙwace masana'antun Sharada ba, kuma ko da ta so, tsarin mulkin 1979 bai ba ta wannan damar ba tare da biyan diyya ba. Leburan da ya yi murnar hutun 1 ga Mayu ya koma aiki washegari ga maigidansa na jiya, a kan albashin jiya.

Ƙarin albashin da ya zo ma daga wani wuri ya fito. A ranakun 11 da 12 ga Mayu, 1981, Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta yi yajin aikin gama-gari tana neman Naira 300 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Aka daidaita a kan Naira 125, Majalisar Tarayya ta mayar da shi doka. Dokar ta keɓe wuraren aikin da ba su kai mutum 50 ba, wanda hakan ya bar leburorin ƙananan masana'antu da masu aikin yini a waje.

Wani abin da ke cin masana'antun a ɓoye shi ne ƙarfin Naira. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya da rabi. Wannan ya sa injina da kayan sarrafawa na waje suka yi arha, masana'antu suka dogara da su kacokan, har audugar masaƙa da sukarin alewa. Ya kuma sa atamfa da takalmin waje suka yi arha, suna shigowa ta Kwatano da Maraɗi ko da an hana, suna cika Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Gyaɗar da aka gina Bompai dominta ta riga ta durƙushe tun bayan farin 1973 da cutar da ta biyo baya a 1975.

Abin da ya faru a Rasha

Domin a gane bambancin, yana da amfani a dubi gwamnatin kwaminisanci ta farko a duniya. 'Yan Bolshebik a ƙarƙashin Lenin sun karɓi mulki a Rasha a ƙarshen 1917. A watan Yunin 1918, ana tsakiyar yaƙin basasa, suka mayar da manyan masana'antu mallakar gwamnati, a Nuwamban 1920 kuma suka haɗa har da ƙanana masu ma'aikata fiye da biyar idan akwai inji, ko fiye da goma idan babu. Suka haramta cinikin hatsi, suka tura dakaru ƙauyuka suna kwashe abin da gwamnati ta ce rara ce. Kuɗi ya zama takarda, aka koma biyan ma'aikata da rabon abinci. Wannan tsari shi ake kira kwaminisancin yaƙi.

Manomi da ya ga ana kwashe rararsa sai ya rage noma. Birane suka shiga yunwa, mutanen Petrograd suka ragu daga fiye da miliyan biyu zuwa kimanin 700,000 a 1920, abin da masana'antu ke samarwa ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na 1913. A Agustan 1920 manoman lardin Tambov suka yi tawaye. A Fabrairun 1921 ma'aikatan Petrograd suka shiga yajin aiki, a Maris kuma sojojin ruwa na Kronstadt, waɗanda suna cikin waɗanda suka ɗora 'yan Bolshebik a mulki, suka juya musu baya. An murƙushe su da ƙarfin soja, amma a watan ne babban taron jam'iyya na 10 ya soke kwashe hatsi, ya maye gurbinsa da haraji ƙayyadadde, ya bar manomi ya sayar da sauran. Sauyin bai zo da wuri ba har ya hana yunwar 1921 zuwa 1922, wadda ta kashe mutane kimanin miliyan biyar.

Idan aka jera biyun, an yi hannun riga. Gwamnatin Lenin tana da dukkan iko, ta ɗora wa manomi nauyi, kuma waɗanda suka tayar mata su ne mutanen da ta ce tana mulki dominsu. Gwamnatin Kano ta sauke wa manomi nauyi, amma ba ta da iko a kan masana'anta ko ɗan sanda, kuma guguwar da ta fi jijjiga ta ta taso ne daga karonta da tsohon tsarin sarauta da kuma rikicin cikin gidanta. A Afirka ta wancan zamani, cikin waɗanda suka bi tafarkin Rasha sosai akwai sojoji: gwamnatin Derg a Habasha, wadda ta mayar da dukkan ƙasar noma mallakar gwamnati a Maris 1975, da Mathieu Kérékou a maƙwabciya Benin, wanda ya ayyana aƙidar Marx da Lenin a Nuwamban 1974.

Santsi da Taɓo

Tun a 1980 jam'iyyar ta dare biyu. Musabbabin da ya fito fili shi ne taron gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, biyar na UPN, biyu na GNPP da biyu na PRP, waɗanda suke kiran kansu masu ra'ayin ci gaba. Shugabannin PRP, ciki har da Malam Aminu da sakataren jam'iyya S. G. Ikoku, suka umarci Rimi da Balarabe su daina halarta, suna ganin taron hanya ce ta jawo jam'iyyar ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo. Gwamnonin suka ƙi, suna zargin shugabannin da karkata ga NPN. Aka kore su. Ɓangarensu ya naɗa tsohon jagoran 'yan ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba, amma hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam. Kanawa suka raɗa wa mutanen gwamna 'yan Santsi, na Malam kuma 'yan Taɓo.

Rabuwar ta shiga kasuwa da unguwa da gida. Ta kuma bar gwamnan da abokan gaba ta fuska uku a lokaci guda: gwamnatin tarayya, fada, da uban jam'iyyarsa wanda talakan Kano yake ganin girmansa fiye da kowa.

Disamba 1980 da Yuli 1981

Tashin hankali na farko bai da alaƙa kai tsaye da manufofin PRP, amma ya tsiro ne daga irin birnin da kuɗin mai ya gina. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya tara dubban mabiya a unguwar 'Yan Awaki, yana tsine wa masu agogo da rediyo da keke da duk mai tara abin duniya. A ƙarshen Nuwamban 1980 gwamna ya aika masa takarda yana ba shi wa'adin mako biyu ya rushe gine-ginen da ya yi ba bisa ƙa'ida ba ya tashi. Ranar 18 ga Disamba mabiyansa suka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci, faɗan ya bazu, sai da aka kawo sojoji kafin a kawo ƙarshensa a ƙarshen watan. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu.

Lubeck ya danganta yawan mabiyan da halin da gardawa suka shiga. A da, matashin da ya zo birni da rani neman karatu yana samun makwanci a zaure, da abinci daga maƙwabta, da ɗan aikin ɗinkin hula ko dako ko gini da laka. Tsadar abinci da ta haya, da gidajen siminti masu katanga da ƙofar ƙarfe, da kayan masana'anta da suka kashe sana'o'in hannu, sun rufe waɗannan ƙofofi, alhali dukiyar sababbin masu kuɗi tana yawo a gabansa. Soke haraji ya taimaki wanda ya zauna a ƙauye. Wanda ya riga ya baro ƙauyen, bai kuma samu shiga masana'anta ba, babu abin da ya canja masa. NPN da PRP kuwa kowacce ta ɗora wa ɗaya laifin sakaci, gwamna yana cewa 'yan sanda ba a hannunsa suke ba.

Na biyu shi ne wanda ya taɓa gwamnatin a jijiya. A 1981 Rimi ya ɗaga darajar sarakunan Haɗeja da Gumel da Kazaure, ya kuma yanki sababbin masarautu daga ƙasar Kano, ciki har da Gaya da Rano da Dutse. Ranar 23 ga Yuni majalisar dokokin Kaduna, inda NPN take da rinjaye kuma ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa tun farko, ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Mako biyu bayan haka, ranar 7 ga Yuli, gwamnatin Kano ta aika wa Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, tana zarginsa da rashin girmama gwamnati, tana neman amsa cikin sa'o'i 48. Jama'a da yawa suka fassara takardar da share fagen tuɓe sarki, abin da Kanawa ba su manta an yi wa Sarki Muhammadu Sanusi a 1963 ba.

Ranar Juma'a 10 ga Yuli, 1981, gungun mutane ɗauke da makamai da fetur suka bazu a gari. Aka cinna wuta a gidan Rediyon Kano da majalisar dokoki da ofishin Triumph da wasu ma'aikatu. Aka je gidan Dokta Bala Muhammad, malamin kimiyyar siyasa na Jami'ar Bayero kuma mai bai wa gwamna shawara kan siyasa, aka kashe shi, aka ƙone gidan.

Har yau ba a daidaita a kan fassarar wannan rana ba. Ɓangaren gwamnati ya ce shiri ne da 'yan NPN da masu goyon bayan fada suka kitsa, yana kafa hujja da yadda aka zaɓi wuraren da aka ƙona ɗaya bayan ɗaya da kuma yadda 'yan sanda suka yi jinkirin fitowa. Ɗaya ɓangaren ya ce fushin jama'a ne a kan cin mutuncin sarkinsu. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Fernandez. Abin da ba a jayayya a kai shi ne sakamakon: ba a tuɓe sarki ba, kuma ta bayyana cewa talakan da ya yi murnar raba shi da harajin hakimi bai yarda a taɓa Gidan Dabo ba. Masu nazarin aji na jam'iyyar sun yi zaton abu biyun tafiyarsu ɗaya, lissafin kuma bai fita ba. A watan Nuwamba majalisar jiha ta tsige mataimakin gwamna, Alhaji Ibrahim Faruk, wanda ya tsaya a ɓangaren Malam, aka naɗa Alhaji Abdu Dawakin Tofa.

Tsuke bakin aljihu

Ana cikin wannan ne kasuwar mai ta juya. A tsakiyar 1981 man da Nijeriya take haƙowa ya faɗi zuwa ƙasa da rabin abin da take fitarwa a farkon shekarar, domin duniya ta cika da mai. Kuɗin waje ya ƙafe. A Afrilun 1982 gwamnatin Shagari ta kawo dokar daidaita tattalin arziki, wadda jama'a suka fi sani da tsuke bakin aljihu: aka ƙara kuɗin fito, aka sa kayayyaki da yawa a ƙarƙashin lasisi, aka wajabta ajiye kuɗi a banki kafin a yi odar kaya.

Ga masana'antar da duk abin da take sarrafawa daga jirgin ruwa yake saukowa, lasisi ya zama numfashi. Shi kuwa lasisin a Legas ake rabawa, kuma sau da yawa yakan faɗa hannun ɗan siyasar da ba shi da ko injin niƙa, shi kuma ya sayar wa mai masana'anta da riba. A Sharada da Bompai aka fara rage kwanakin aiki, aka tura ma'aikata hutun dole, aka sallami wasu, wasu masana'antun suka rufe ƙofa suna jiran kaya. Sabulu da madara da man girki da shinkafa suka zama kayan layi da na bayan kanti. Kason jihohi ya ragu, ayyuka suka tsaya, biyan 'yan kwangila da albashi ya fara jinkiri a jihohi da dama. A Janairun 1983 gwamnatin tarayya ta kori baƙin haure, ciki har da 'yan Ghana da Nijar da Chadi masu yawa, matakin da bai buɗe ko masana'anta ɗaya ba.

Gwamnatin da ta hau mulki da sunan leburan Sharada ta tsaya tana kallo ana sallamarsa, ba ta da lasisin da za ta ba maigidansa, ba ta da kuɗin da za ta ɗauke shi aiki.

Ƙarshen tafiyar

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Da yake FEDECO ba ta san da ɓangaren Santsi ba, Rimi ya koma NPP domin neman wa'adi na biyu, ya kuma sauka daga kujerar gwamna a watan Mayu, Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. A zaɓen Agusta ɗan takarar PRP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ya kayar da shi. Sabon gwamnan ya rushe masarautun da aka ƙirƙira, ya mayar da ƙasarsu ƙarƙashin Sarkin Kano. Mulkinsa wata uku ya yi, sojoji suka karɓe ƙasar ranar 31 ga Disamba, 1983. Kotun soja ta ɗaure Rimi da Bakin Zuwo duka biyun, aka sake su a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Gwamnatocin soja na jihohi, da asusu ya bushe, suka dawo da kuɗin kai a ƙarƙashin sunaye irin su kuɗin raya ƙasa.

Masana'antun kuwa wani bugun ya same su a 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya soke lasisin shigo da kaya ya kuma karya darajar Naira. Matsalar neman lasisi ta wuce, ta tsadar Dala ta maye gurbinta, daga baya ƙarancin wuta da kayan Sin masu arha suka ƙaru a kai. Gine-gine da yawa a Sharada da Bompai da a da ake jin ƙarar injina a cikinsu sun koma ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su, ko da yake majemu da kamfanonin roba da na shinkafa da na lemo suna nan suna aiki.

Batun masarautu ma ya sake dawowa. A 2019 gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta kafa masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, a Mayun 2024 kuma majalisar dokokin jiha a zamanin Gwamna Abba Kabir Yusuf ta soke dokar. Rimi ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 2010, kuma babbar kasuwar Sabon Gari tana ɗauke da sunansa. Balarabe Musa ya ci gaba da riƙe tutar PRP har kusan ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Kaduna ranar 11 ga Nuwamba, 2020.